Yadda za ka gane ko ɗan horonka ya iya aikin famasis

Duk wanda ya gama karatun harhaɗa magunguna a Najeriya, a Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Samaru ya yi ko a wata jami'ar, sai ya yi horon shekara guda a hannun famasis mai rajista kafin hukumar kula da aikin famasis ta ƙasa, wato PCN, ta ba shi cikakken lasisi. Hukumar tana kuma yi musu jarrabawa kafin rajista. Amma jarrabawa abin da ke cikin kai take aunawa. Abin da mutum zai yi da bakinsa da hannunsa idan tsohuwa ta tsaya masa a taga da takardar magani kala biyar, jika na kuka a bayanta, layi kuma ya kai bakin ƙofa, wannan babu mai ganinsa sai mu da muke tsaye kusa da shi. Mu ne kuma ake kawo wa littafin horo mu sa hannu cewa ya iya.

Ni famasis ce a wani asibiti a nan Zariya, na daɗe ina karɓar 'yan horo. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwana da aka ɗora wa irin wannan nauyi, a asibitin gwamnati ne ko a kantin magani na Sabon Gari ko Tudun Wada. Magana ɗaya ce za ta yi ta dawowa: kada ka sa hannu a kan ƙwarewar da ba ka tsaya ka gani ba. Gani ya kori ji.

A 1990 wani likita Ba'amurke mai koyar da likitoci, George Miller, ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu. Na ƙasa shi ne sani. Na biyu sanin yadda ake aiki da sanin. Na uku nuna yadda ake yi a gaban mai jarrabawa. Na huɗu, can sama, abin da mutum yake yi a aikinsa na yau da kullum da marar lafiya na gaske. Jami'a tana iya auna ukun farko. Na huɗun namu ne. Hanyar da aka fi sani ta duba shi ita ce wadda ake kira mini-CEX, wadda hukumar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ta fito da ita a shekarun 1990, daga baya masu horar da famasis a Ingila da wasu ƙasashe suka ɗauka. Ba wani abu ba ne mai wahala: babba ya tsaya kamar minti goma sha biyar yana kallon ƙarami da marar lafiya, sannan su zauna su tattauna nan take. Ba ya bukatar kuɗi ko kwamfuta. Lokaci yake ci, da kuma iya baki.

Shiri kafin kallo

A makon farko ka gaya wa ɗan horo cewa za ka riƙa tsayawa kana kallonsa, kamar sau biyu a wata, kuma ba don neman laifi ba. Idan ba ka faɗa tun farko ba, ranar da ya waiwayo ya gan ka da biro a bayansa zai ɗauka wani ne ya kai ƙararsa. Ka kuma ba shi damar ya riƙa zaɓen wasu lokutan da kansa. Wanda ya zo ya ce, “Hajiya, ina so ki tsaya ki ga yadda nake yi wa masu asma bayani,” ya riga ya san inda yake da rauni, kuma da irinsa aiki yake sauri. Sai dai kada a bar masa zaɓin duka, domin kowa abin da ya iya yake son a gani.

Safiyar Litinin ko ranar masu hawan jini da ciwon suga ba lokacin farawa ba ne. Bayan Azahar, idan layi ya ragu, ya fi. Idan ya saba da tsayuwarka, to sai ka zo masa ana tsakiyar cinkoso, tunda a nan ne ainihin halin aikin mutum yake fitowa.

Ka nemi izinin marar lafiya, kuma ka kula da kalmar da za ka gabatar da yaronka da ita. Ni cewa nake yi: “Baba, ina wuni. Wannan abokin aikina ne, shi zai yi maka bayanin maganinka. Ni zan tsaya daga gefe ina duba yadda muke aiki, in ba damuwa.” Ba na cewa ɗalibi, ba na cewa koyo yake yi. Ya riga ya gama jami'a, kuma da zarar dattijo ya ji kalmar koyo, ya daina sauraronsa ke nan, duk tambayar da zai yi ke zai juyo ya yi wa. Ko da haka ma za su juyo, musamman tsofaffi, don sun ga wadda ta fi shekaru. Ka tsaya daga baya, ɗan gefe, idan aka kalle ka sai ka mai da ido kan takardarka. Shirun nan zai sa su koma gare shi.

A takardar kuma kada ka fara da maki. Ka rubuta abin da ka gani da abin da ka ji, da kalmomin da aka faɗa. “Bai iya bayani ba” ba ta da amfani ga kowa. “Ya ce biyu safe biyu yamma, ta ce to, ya kira na gaba” ita ce za ta yi aiki idan kun zauna.

Ga misali daga taga. Wata uwa ta kawo takardar ɗanta mai zazzaɓin cizon sauro, an auna shi kilo 17, an rubuta masa atemita-lumefantirin, wanda mutane suka fi sani da Coartem. Ɗan horon ya duba nauyin, ya ga yaro tsakanin kilo 15 da 25 ƙwaya biyu yake sha a kowane lokaci, ya ɗauko katin da ya dace. Har nan lafiya lau, na kuma rubuta cewa ya duba nauyi kafin ya miƙa hannu kan kanta. Sai ya ce, “Mama, biyu da safe, biyu da yamma, kwana uku.” Ta ce, “To.” Ta ɗaure maganin a bakin mayafi. Bai gaya mata cewa sha na biyu bayan awa takwas da na farko ake yin sa ba. Bai ce a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo don maganin ya shiga jiki sosai ba. Bai faɗi abin da za ta yi idan yaron ya yi amai cikin awa guda da sha ba, wato ta sake ba shi. Bai ja mata kunne cewa ko zazzaɓin ya sauka a rana ta biyu sai an kammala shan maganin duka sau shida ba. Bai kuma tambaye ta ko ta riga ta ba shi wani abu daga kemis ba, alhali da wuya uwa ta zo asibiti a garin nan ba ta fara biyawa ta kemis ba.

Abin da ya rage wa mai kallo a irin wannan wuri shi ne ya san lokacin sa baki. Idan kuskuren zai cutar da marar lafiya, ba a jira. Amma ko a nan akwai yadda ake yi. Kafin ta juya na matso na ce, “Malam, bari mu ƙara mata bayanin lokutan shan tare,” na faɗi abin da ya rage, na bar shi ya rufe maganar. Idan adadin magani ne aka kuskure, sai in ce, “Malam, zo mu sake duba takardar nan,” mu koma ciki. Ba a gyara wa ma'aikaci a gaban marar lafiya da muryar faɗa. Abin da ba zai cutar ba kuwa, kamar mantawa da gaisuwa ko yawan Turanci, ka rubuta ka yi shiru, ko da bakinka na ƙaiƙayi.

Zaman da ke biye

Nan ne aikin yake, nan ne kuma muka fi gazawa. A yi shi a ranar, in da hali cikin awa guda, tun abin yana ɗanye a kan kowa. A samu wurin da ba mai ji, ko sito ne, a ja kujera biyu. Kada kai kana zaune shi yana tsaye da hannu a baya. Minti goma ya isa.

Shi zai fara magana. Wannan tsari, na barin mai koyo ya fara faɗin abin da ya yi daidai sannan malami ya ƙara, ya faɗi abin da zai gyara sannan malami ya ƙara, David Pendleton da abokan aikinsa ne suka shimfiɗa shi a 1984 don horar da likitoci a Ingila. Yana da kyau, amma idan ka ɗauko shi yadda yake ka kawo Zariya, bango za ka ci karo da shi. Ka tambayi yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Hausa, “Yaya ka ga aikin ya tafi?” zai sunkuyar da kai ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ka ce ya faɗi abin da ya yi da kyau, kunya ba za ta bar shi ya yabi kansa a gaban babba ba. Ka faɗi kuskurensa, zai ce, “Haka ne, Hajiya. Za a gyara, in sha Allahu.” Ku tashi, kana ganin an yi zama, alhali ba abin da ya shiga. Ladabi ne na gaske, ba na raina shi, amma yana rufe ƙofar da kake son buɗewa.

Maganinsa a ƙuntata tambayar yadda “to” ba za ta amsa ta ba. Ga yadda namu ya kasance da mai maganin zazzaɓin nan:

“Malam, me ka fara dubawa da ta miƙo takardar?”

“Nauyin yaron, Hajiya.”

“Me ya sa?”

“Saboda da nauyi ake raba adadin ƙwayar.”

“Na gani, na kuma rubuta. Da yawa sukan tsallake wannan. To yanzu ta isa gida, ƙarfe uku ta ba shi na farko. Yaushe za ta ba shi na biyu, bisa abin da ka gaya mata?”

Ya yi shiru. Ya ce, “Wataƙila bayan Magariba. Ko ta bari sai gobe da safe.”

“Yaushe ya kamata?”

“Sha ɗayan dare.”

Ban ce masa ya yi kuskure ba, shi ya gano da bakinsa. Daga nan na tambaye shi yadda zai faɗa wa uwar da ba ta da agogo a hannu, ya ce zai tambaye ta lokacin da za ta fara, ya lissafa mata, ya zana a jikin kwalin. Na ce ya gwada a kaina, ni ce uwar. Wannan gwajin na minti biyu ya fi doguwar nasiha.

Abu ɗaya ko biyu za ka ɗauka, ko da ka rubuta bakwai. Ka zaɓi wanda ya fi kusa da cutar da marar lafiya, sauran su jira wani zaman. Ka yi magana a kan aiki, ba a kan hali ba. “Ba ka da natsuwa” zagi ne, ba abin da zai iya yi da shi gobe. “Ka miƙa mata maganin idonka yana kan na bayanta” abu ne da zai iya canzawa da safe. Yabon ma haka. “Ka yi ƙoƙari” ba ta koya wa kowa komai. Faɗi abin da ya yi, don ya san me zai riƙe. Ni dai ban yarda da dabarar nan ta cusa gyara tsakanin yabo biyu ba. Masu wayo sun gane ta, da ka fara yabo suke jiran “amma”. Marasa wayo kuma yabon kawai suke tafiya da shi.

Kafin ku tashi, ya faɗa da bakinsa abin da zai yi dabam, ku kuma sa ranar da za ka sake kallonsa a kan wannan abu. Idan ya ce “zan ƙara kula”, ba a gama ba. Sai ya ce, “Duk wanda na ba maganin zazzaɓi, zan sa ya maimaita mini yadda zai sha kafin ya tafi.” Dabarar da kake yi masa ita ce wadda kake so ya yi wa marasa lafiya, domin su ma “to” ɗin nan suke ba shi.

Harshe yana bukatar kallo na musamman. Da Turanci muka yi karatu, da Hausa muke aiki. Akwai 'yan horon da suka zo daga kudu ba su jin Hausa, su matsalarsu a fili take: a duba ko sun san su nemi tafinta, ko suna kallon marar lafiya ko tafintan, ko sun fara koyon 'yan kalmomin aiki. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne Bahaushen da aka haifa a cikin birni, Hausa a bakinsa kamar me, amma idan ya zo bayanin magani sai ya koma rabi Turanci. Ka saurari yadda yake faɗin “kowace awa takwas”. “Sau uku a rana” a kunnen mutane da yawa karin kumallo ne da abincin rana da tuwon dare, sai a bar dare duka babu magani a jiki. Wanda ya ce “da Asuba, da Azahar, da lokacin kwanciya” ya fi kusa da awa takwas ɗin. Ka saurari kalmar “cokali” ma. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya iya zai ɗauko murfin awo ko sirinji ya nuna wa uwa layin mililita 5 da yatsa.

Tattaunawa a kan fayil

Kallo a taga yana nuna yadda mutum yake yi. Ba ya nuna dalilin da ya sa ya yi. Don haka sau ɗaya a wata nakan ce ɗan horo ya kawo fayil ɗin wani marar lafiya da ya bi a ɗakin kwanciya, mu zauna kamar minti ashirin. Ba karatun littafi nake tambaya ba. Ba na cewa ya lissafo mini illolin magani. Tambayata ita ce: a kan wannan mutumin, me ka gani, me ka yanke, me ya sa?

A ce dattijo ne mai hawan jini da ciwon suga, yana shan lisinofiril da metfomin, ya yi kukan ciwon gwiwa aka ƙara masa dikilofenak. Ina so in ji ko ɗan horon ya buɗe sakamakon gwajin ƙoda kafin ya ba da maganin. Ya san dikilofenak da 'yan'uwansa suna iya tayar da jini su kuma takura ƙoda, balle an haɗa su da lisinofiril a jikin tsoho? Ya san idan ƙarfin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 30 ba a ci gaba da metfomin? Idan ya sani, sai tambaya ta gaba, wadda ta fi wuya: to me ka yi? Da yawa a nan suke tsayawa. Sun gani, sun sani, amma ba su iya tunkarar likita ba. Wani ya rubuta a littafinsa ya yi shiru. Wani ya je ya faɗa da sigar da ta jawo gardama a gaban gado. Sai mu gwada maganar tare, yadda zai ce, “Likita, na ga gwajin ƙodar Baba na jiya bai yi kyau ba, ga shi kuma yana kan lisinofiril. Ko za a duba dikilofenak ɗin nan, a fara da farasitamol?” Ya kawo hujja, ya kawo mafita, ya bar wa likita hukunci. Famasis da ya san magani amma ba ya iya faɗin wannan jimla, saninsa bai isa gadon marar lafiya ba.

Ka zaɓi fayil ɗin da ya dace da garinmu da lokacin da ake ciki. Idan azumi ya gabato, a kawo mai ciwon suga da ke shan gilibenkilamaid, a ji ko ɗan horon ya san haɗarin faɗuwar suga da rana, ko ya tambayi mutumin zai yi azumi, ko ya gaya masa alamomin da idan ya ji dole ya karya. Masu tarin fuka kuma ba baƙi ba ne a Zariya, ga cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye. Mai shan rifamfisin ya kamata a gaya masa fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata ya daina. Idan yana shan dolutegirabir na cutar ƙanjamau, ana mai da shi miligiram 50 sau biyu a rana, saboda rifamfisin yana sa hanta ta yi saurin kawar da shi. Idan mace ce mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, rifamfisin yana rage mata ƙarfi. Wannan na ƙarshen nakan tsaya a kansa, domin samari 'yan horo sun san shi sarai a takarda, amma kunya ba ta barin su tambayi matar aure. Sai mu nemo kalmomin da zai iya furtawa, ko ya san ya kira abokiyar aiki mace ta yi tambayar. Abin da ba za a karɓa ba shi ne a bar tambayar gaba ɗaya.

Ayyukan hannu ba su bukatar dogon zance. Ka sa ya nuna maka yadda ake shaƙa maganin asma: girgizawa, fitar da numfashi, dannawa daidai lokacin da ake jan iska a hankali, riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Ka ga yadda yake haɗa garin amoksisilin na yara da tafasasshen ruwan da ya huce, zuwa kan layi. Ka ji abin da zai gaya wa mai insulin da ba shi da firji a zafin watan Afrilu. Ko ya iya ko bai iya ba, a take za ka gani, a take ka nuna masa.

Ra'ayin abokan aiki ma yana da wuri, sau ɗaya ko biyu a shekara. Nas-nas na ɗakin kwanciya da ma'aikatan famasi na ƙasa da shi sun san abin da kai ba za ka taɓa gani ba, tunda a gabanka kowa mai ladabi ne. Ka tambayi mutum biyar ko shida, kowa shi kaɗai, tambaya biyu: me yake yi da kyau, me zai gyara. Kai za ka tace, ka kai masa abin da baki biyu ko uku suka haɗu a kai, ba tare da suna ba. Abin da mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma ya yi kama da tsegumi, ka bar shi a aljihunka.

Rubutun waiwaye

Bayan kowane zama ina so ɗan horo ya rubuta rabin shafi cikin kwana biyu. Akwai tsarin Graham Gibbs na 1988 mai matakai shida da ake koyarwa, amma ni tambaya huɗu nake ba su: me ya faru, me ka yi tunani ko ka ji a lokacin, me ya sa abin ya tafi haka, me za ka yi idan ya sake zuwa. Da Hausa ko da Turanci, duk wanda tunaninsa ya fi gudu a ciki. Babu sunan marar lafiya, babu lambar kati.

Rubutun farko kusan kullum iri ɗaya ne: “Na koyi muhimmancin yi wa marar lafiya cikakken bayani, kuma zan ƙara ƙoƙari.” Wannan don ni aka rubuta shi, ba don kai ba, haka nake ce musu, in mayar. Tambaya ta uku ita ce zuciyar abin. Wata 'yar horo ta taɓa rubuta mini cewa ta lura idan layi ya yi tsawo takan daina tambaya, domin tana tsoron kada amsar ta jawo wata maganar, mutanen baya su fara guna-guni. Ta ce ba mantawa take yi ba, gudu take yi. Wannan shi ne waiwaye. Da na tsaya a kan abin da idona ya gani, da na ce ta koma ta karanta, alhali ba karatu ne ya gaza ba. Abin da muka yi shi ne muka fitar da tambayoyi uku da ba za ta tsallake ba komai tsawon layi: kina da ciki ko kina shayarwa, akwai maganin da ke ba ki matsala, me kike sha yanzu har da na gargajiya.

Irin wannan gaskiya ba ta fitowa sai an tabbata ba za a juya ta ta zama bulala ba. Littafin waiwaye nasa ne. Kada ka karanta shi a taron sashe, kada ka ɗauko abin da ya rubuta ka kafa hujja da shi ranar da kuka saɓa. Ka karanta, ka rubuta masa layi ɗaya ko biyu a ƙasa, ka sa kwanan wata.

Sa hannu na ƙarshe

Kallo ɗaya ba ya yanke hukunci. Mutum yana iya yin kyau da mai maganin zazzaɓi ya rikice da mai farfaɗiya, yana iya burge ka ya kasa a gaban wani. Shi ya sa ake son kallon ya yawaita, a sassa daban-daban, kuma ba idon mutum ɗaya ba. Ka roƙi wani famasis ya karɓe ka wasu lokutan. Takarda ɗaya ta isa kowane kallo: kwanan wata, sashe, irin matsalar, abin da ya yi kyau, abin gyara, abin da aka yi alkawari, ranar dawowa, sa hannun ku biyu. Kwafi ɗaya wurinsa, ɗaya wurinka. Idan shekara ta ƙare, waɗannan takardu ne za su gaya maka abin da za ka rubuta a littafin horo, ba tunanin yadda yake gaishe ka da safe ba.

Wanda aka yi wa gyara a kan abu ɗaya sau biyu, sau uku, bai canza ba, kada a jira watan ƙarshe. Ka fara tambayarsa lafiya. Wani alawus ɗinsa ne bai fito ba, da ƙyar yake samun kuɗin mota daga Samaru. Wata jariri gare ta, ba ta barci. Wani lissafin adadin maganin yara ne bai taɓa zama masa ba tun aji uku, yana ɓoyewa. Kowanne da irin taimakonsa. Sannan ka gaya masa a fili, a rubuce, tun tsakiyar shekara: ga abin da ya rage, ga abin da za mu yi, ga ranar da za mu sake dubawa. Ka sanar da shugaban sashe, ka kuma sa wani famasis ya kalle shi ba tare da ka gaya masa ra'ayinka ba, don kada ya zama tsakaninku ne kawai.

Za a kira ka a waya. Kawunsa abokin mijinki ne, ko mahaifinsa malaminka ne, a ce a yi masa alfarma, yaro ne, zai koya a gaba. Amsar da nake bayarwa ita ce, “Ranka ya daɗe, ina tare da shi, kuma ba zan bar shi ba sai ya iya. Amma bayan hidimar ƙasa wataƙila shi kaɗai ne famasis a asibitin da za a kai shi, ba wanda zai duba bayansa.” Sai in ƙara masa kwanaki a sashen da yake da rauni, in mai da kallon kowane mako, in ajiye shafin nan na littafin ba sa hannu har sai takardun kallo biyu a jere, daga mutum biyu daban, sun nuna ya yi abin daidai.